BABI NA UKU: ƘADDARA, ZAƁI DA TABBACIN CETO A IKILISIYOYIN KUDANCIN GARIN KADUNA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Kiristoci suka yawaita a unguwannin da ke kudu da Kogin Kaduna, irin su Kakuri da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha da Unguwar Romi, tun daga buɗe masaƙar Kakuri a 1957 har zuwa ƙaurar da ta biyo bayan rikicin 2000 da na 2002. A wannan babi kuwa za a duba wata tambaya da ta raba kan ikilisiyoyin waɗannan unguwanni, wato, shin wanda ya riga ya sami ceto yana iya rasa shi?

3.1 Ma'anar Kalmomi

Idan Bahaushe ya ce ƙaddara, yana nufin duk abin da Allah ya rubuta wa bawa, kama daga arziki da ciwo har zuwa ajali. Amma a muhawarar masana tauhidin Kirista, ma'anar kalmar ta fi haka ƙunci. Abin da suke nufi shi ne zaɓen da Allah ya yi tun fil azal na waɗanda za su sami ceto. Zaɓi kuma shi ne ikon da mutum yake da shi na karɓar alherin Allah ko ƙin sa. Tabbacin ceto na har abada kuwa shi ne koyarwar da ke cewa mai bi na gaskiya ba zai taɓa hallaka ba.

3.2 Asalin Saɓanin

Wannan saɓani ba a Kaduna ya fara ba. Tun farkon ƙarni na 5 Agustin, bishof na Hifo a Afirka ta Arewa, ya yi jayayya da Felajiyas a kan ko mutum yana iya bin Allah da ƙoƙarin kansa. Agustin ya ce sam, sai da alheri. Jon Kalbin (1509-1564) na birnin Janiba ya ɗora a kan haka, ya ce Allah yana zaɓa ba tare da duban aikin kowa ba, kuma wanda ya zaɓa zai jure har ƙarshe. Shi kuwa Yakubu Arminiyas (1560-1609) na ƙasar Holan ya ce Allah ya zaɓi waɗanda ya riga ya san za su ba da gaskiya, kuma mutum yana iya ƙin alheri. Taron da aka yi a garin Dot daga 1618 zuwa 1619 ya yi watsi da ra'ayin almajiran Arminiyas, amma ra'ayin bai mutu ba, domin Jon Wesli (1703-1791) ya raya shi a Ingila.

Kowane ɓangare yana da madogara a cikin Littafi Mai Tsarki. Masu ra'ayin farko suna kafa hujja da Romawa 8:29-30 da Afisawa 1:4-5 da Yahaya 10:28-29. Masu ra'ayi na biyu kuma suna nuni da Ibraniyawa 6:4-6 da 2 Bitrus 2:20-22, inda aka yi kashedi game da ja da baya.

3.3 Matsayin Ikilisiyoyi

Ana iya kasa ikilisiyoyin wannan yanki gida uku. Kashi na farko ya ƙunshi ECWA, wadda ta tsiro daga aikin mishan na SIM da ya fara a 1893, ta kuma tsaya da ƙafarta a 1954, da kuma Baftis. Waɗannan suna koyar da cewa mai bi na gaskiya ba ya rasa cetonsa. Sai dai ya kamata a lura, ba duk mai wannan ra'ayi ne yake bin Kalbin sau da ƙafa ba. Da yawa sun yarda mutum yana da zaɓi wajen shigowa, amma idan ya shigo, Allah ne mai riƙon sa.

Kashi na biyu ya ƙunshi Assemblies of God da Deeper Life da akasarin ikilisiyoyin Fentikos. A wurinsu ceto kyauta ne, amma mai bi yana iya yar da shi idan ya koma ga zunubi ya ƙi tuba. Kashi na uku shi ne Katolika. Taron Tirent ya zartar a 1547 cewa babu mai iya bugun ƙirji ya ce lalle zai jure har ƙarshe, sai fa in an yi masa wahayi na musamman. Wanda ya yi babban zunubi ya fita daga alheri, amma yana komowa ta hanyar furta zunubi a gaban fada.

3.4 Yadda Saɓanin Ke Bayyana a Aikace

Ba kasafai talakan mai bi yake ambaton Kalbin ko Arminiyas ba. Inda maganar take taso masa shi ne ranar da wani nasa ya ja da baya. Alal misali, a ɗauki saurayin da aka yi wa baftisma, daga baya ya daina zuwa sujada ya faɗa shaye-shaye. Kashi na farko za su ce, in tubansa na gaskiya ne Allah zai hore shi ya komo da shi, in kuwa bai komo ba, to dama can bai tuba ba. Kashi na biyu za su ce ya tuba da gaske, amma ya faɗi, kuma in ya mutu a haka ya hallaka. Katolika za su ce ƙofa a buɗe take muddin yana numfashi.

Wannan bambanci yana da nauyi a zukatan iyaye, musamman idan mutuwa ta riski mutum a irin wannan hali. Haka kuma kowane ɓangare yana da abin da yake tsoro. Ana sukan na farko da cewa koyarwarsu tana iya sa mutane sakaci da zunubi, ana kuma sukan na biyu da cewa suna barin masu bi cikin fargaba kullum. Duk da haka, abin da ake yi wa saurayin kusan ɗaya ne: a ziyarce shi, a yi masa gargaɗi, a hana shi cin jibin Ubangiji har ya tuba.

3.5 Naɗewa

A taƙaice, wannan babi ya nuna cewa ikilisiyoyin kudancin garin Kaduna sun gaji tsohuwar muhawara daga waɗanda suka kafa su. Sun saɓa a kan matsayin wanda ya ja da baya a gaban Allah, amma sun haɗu a kan cewa wajibi ne a neme shi. A babi na gaba za a duba yadda wannan koyarwa take fitowa a cikin wa'azin jana'iza da ake yi da Hausa.