Farin Cakulan Da Madara: A Duba Bayan Takarda

Asabar ɗin da ta gabata 'yata ta matsa lamba sai na haɗa mata kaɗaɗɗiyar madara da farin cakulan, irin wadda ta taɓa sha a wani shago. Na narkar da cakulan, na tuttula shi cikin madara mai sanyi, nan take ya daskare ya koma tsaki-tsaki. Kuɗi suka tafi, yarinya ta ɓata rai.

Laifin nawa ne. Farin cakulan ba shi da garin koko. Man koko ne da sukari da madara. Man nan yakan narke a wajen digiri 34, ya kuma sandare da zarar ya ji sanyi. Saboda haka a cikin rabin kofin madara mai ɗumi ake narkar da shi, a juya har su zama ɗaya, a bari ya huce, sannan a markaɗa da sauran madarar da askirim kaɗan. Kada a ƙara sukari, wanda ke ciki ya wadatar.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kasuwa. Dokar Amurka ba ta yarda a kira abu farin cakulan ba sai man koko ya kai kashi 20 cikin 100. Mu da ake noma koko a Ondo, sau da yawa wanda aka haɗa da man kwakwa ake miƙo mana, mai dafe ganɗa kamar kakin zuma. A karo na biyu, sai da na shiga shago uku ina karanta bayan takarda kafin na biya.