Babbar Manhaja: Mai Yanke wa Waya da Kwamfuta Tsawon Kwana

Babbar manhaja ita ce shirin da ke fara tashi idan aka kunna waya ko kwamfuta, kuma a kanta duk sauran manhajoji ke zaune. Aikinta shiga tsakani ne. Idan WhatsApp na son ɗaukar hoto, ba ya taɓa kyamara da kansa, sai ya nemi izini a wurinta. Ita ke raba wa kowace manhaja wurin zama a ƙwaƙwalwar na'ura, ita ke lura da batir, ita ke tantance wa zai ga lambobin da aka adana da wanda ba zai gani ba. Waɗanda aka fi sani a yau su ne Windows da macOS da Linux a kwamfuta, sai Android da iOS a waya. Mai saye yakan tambayi girman kyamara da ƙarfin batir da yawan ma'adana, da wuya ya tambayi babbar manhaja, alhali ita ce ke yanke shekara nawa na'urar za ta yi tana amfani.

Tushen yawancin waɗannan manhajoji na komawa ga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ƙirƙira a ɗakin binciken Bell Labs na Amurka a 1969. Android da iOS da macOS da Linux duk suna da jini ko tarbiyya daga gare ta. Windows ce ta biyo wata hanyar daban. Lokacin da kamfanin IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa a 1981, Microsoft ne ya samar masa da babbar manhaja, wadda shi ma saye ya yi daga wani ƙaramin kamfani a Seattle ya gyara. Dabarar Bill Gates ita ce riƙe 'yancin sayar da wannan manhaja, MS-DOS, ga duk wanda ya ƙera kwamfuta irin ta IBM. Masu ƙera ƙarfe suka yi yawa, gasa ta karya musu farashi, ribar kuwa ta taru a wurin mai manhaja guda ɗaya. Windows ta fito a 1985, kuma da zuwan Windows 95 ta riga ta mamaye ofisoshi da makarantun duniya.

Daga nan masana'antar ta koyi darasin da take aiki da shi har yau: wanda ya mallaki babbar manhaja ya mallaki ƙofar kasuwa. Masu rubuta ƙananan manhajoji suna zuwa inda jama'a suke, jama'a kuma suna zuwa inda manhajoji suke, don haka wanda ya riga ya yi gaba sai ƙara nisa yake yi. A 1998 gwamnatin Amurka ta kai Microsoft kotu bisa zargin amfani da ƙarfin Windows wajen danne Netscape, manhajar shiga intanet da ke gogayya da tasa, Internet Explorer. Alƙali ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu a 2000, kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan umarni a shekarar da ta biyo baya, aka ƙare da sulhu.

A gefe guda akwai masu ganin cewa bai kamata shirin da mutum ya dogara da shi ya zama sirrin wani kamfani ba. Richard Stallman ya kafa aikin GNU a 1983 a kan wannan aƙida, sannan a 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya saki zuciyar Linux kyauta, kowa na iya karanta rubutunta, ya gyara, ya raba. Linux ba ta taɓa ƙwace teburin ofis daga hannun Windows ba, amma ta ci yaƙin da ido ba ya gani. Mafi yawan manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet a kanta suke, tun daga 2017 kuma dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki. Kowace wayar Android ma zuciyar Linux ce a cikinta.

Zamanin waya ya maimaita labarin kwamfuta cikin sauri. Apple ya fito da iPhone a 2007. Google, wanda ya sayi ƙaramin kamfanin Android a 2005, ya ga wayarsa ta farko ta shiga kasuwa a 2008. A lokacin Nokia ce sarauniya da manhajarta Symbian, BlackBerry kuma na hannun 'yan kasuwa da manyan ma'aikata. Wayoyinsu ba su da aibu ta fuskar ƙarko, duk wanda ya riƙe tsohuwar Nokia shaida ne. Abin da ya kashe su shi ne masu rubuta manhajoji sun yi ƙaura. Nokia ta rungumi Windows Phone a 2011, Microsoft ya sayi sashen wayoyinta a 2014, amma ko kuɗin Microsoft bai iya jawo manhajojin da mutane ke nema ba, ya haƙura. BlackBerry ta kashe hidimar tsofaffin wayoyinta a Janairun 2022. Yau kusan bakwai cikin kowace waya goma ta zamani Android ce, ragowar kuma kusan duka iPhone.

Kamfanonin biyu da suka rage suna da hali daban. Apple shi ke ƙera wayar, shi ke rubuta iOS, shi ke tsaron kantin manhajoji, kuma yana karɓar kashi 30 cikin ɗari na cinikin da aka yi a ciki, ko kashi 15 daga ƙananan masu sana'a. Masu yabonsa na cewa wannan tsauri ne ke kawo tsaro da daɗewar sabuntawa, kuma da gaskiyarsu: iPhone 6s ta fito a 2015, ta ci gaba da karɓar sabuwar iOS har 2021. Masu sukarsa na nuna cewa ikon da ke kare mai waya shi ne kuma ke iya juya masa baya. A ƙarshen 2017 kamfanin ya amsa cewa ya rage saurin wasu tsofaffin wayoyi ta hanyar sabuntawa, ya ce don kada su riƙa mutuwa ba zato saboda raunin batir. Ko da dalilin na da tushe, ba a sanar da masu wayoyin ba, kuma a kan haka Faransa ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 25 a 2020.

Android kuwa ana kiranta buɗaɗɗiya, kuma rabin maganar gaskiya ne. Gangar jikinta kyauta ce, kowane kamfani na iya ɗauka. Amma Play Store da YouTube da Gmail da taswira, da wasu hidimomin ɓoye da dubban manhajoji suka dogara da su, mallakin Google ne, sai da lasisinsa ake sa su. Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 4.34 a 2018 saboda sharuɗɗan da yake gindaya wa masu ƙera waya, daga baya kotu ta ɗan rage adadin. Wanda ya fi kowa ɗanɗana wannan shi ne Huawei. A watan Mayun 2019 Amurka ta sa kamfanin cikin jerin waɗanda aka hana mu'amala da su, sabbin wayoyinsa suka rasa hidimomin Google, cinikinsa a wajen Sin ya faɗi warwas duk da ingancin ƙirarsa. Zanen aro ba ya rufe katara. Kamfanin ya koma gina tasa manhajar, HarmonyOS, wadda ta samu gindin zama a Sin.

Inda wannan tsari ya fi shafar talaka shi ne batun sabuntawa, kuma a nan ya kamata a dakata. Babu babbar manhajar da ba ta da kafa. Miliyoyin layukan rubutu ne mutane suka tsara, kullum ana gano kuskuren da ɓarawo zai iya bi ya shiga. Sabuntawar tsaro ita ce toshe waɗannan kafofi. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitoci da dama na Birtaniya, ta hanyar wata kafa a Windows wadda Microsoft ya riga ya fitar da maganinta tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba, da masu tsofaffin Windows da aka daina kula da su.

A Android, maganin yana bin doguwar hanya kafin ya iso. Google na fitar da gyaran tsaro wata-wata. Daga nan sai kamfanin da ya ƙera masarrafar wayar, irin su Qualcomm da MediaTek da Unisoc, ya daidaita nasa ɓangaren. Sai mai ƙera wayar ya haɗa gyaran da kwalliyar da ya yi wa Android, kamar One UI na Samsung, ko HiOS na Tecno, ko XOS na Infinix, ya gwada, ya tura. Kowane mataki albashin injiniyoyi ne, kuma kuɗin wayar an riga an karɓa tun ranar da aka sayar. Kamfanin da ribarsa a kan kowace waya 'yar kaɗan ce, wanda kuma ke fitar da samfura barkatai a shekara, ba shi da abin da zai tura shi ya ci gaba da hidimar wayar bara. Shi ya sa Google ya iya yi wa wayarsa Pixel 8 alƙawarin sabuntawa ta shekara bakwai a 2023, Samsung ya yi wa Galaxy S24 irinsa a 2024, yayin da waya mai araha kan samu shekara biyu ko ƙasa da haka.

Wannan rashin adalci ne a fili, domin wanda ya fi buƙatar wayarsa ta daɗe shi ne aka fi gajarta wa kwananta. A kasuwar Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja, wayoyin da suka fi tafiya su ne na kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, wato Tecno da Infinix da itel, tare da ƙananan samfuran Samsung da Redmi da kuma na hannu. Waɗannan wayoyi sun yi babban aiki, sun sa intanet a hannun miliyoyin da ba za su iya sayen mai tsada ba. Masu gyara kuma gwanaye ne: a canza gilashi, a canza batir, a ɗinke wurin caji, a yi mata filashin ta dawo kamar sabuwa. Abin da mai gyara ba zai iya ba shi ne rubuta sabuntawar da kamfani ya daina turowa. Wayar na nan lafiya lau a ido, amma wata rana manhajar banki ta ƙi buɗewa, ko WhatsApp ya sanar da cewa ya daina aiki a kanta, kamar yadda ya yi wa duk Android da ke ƙasa da 5.0 a Oktoban 2023. Yanzu da waya ta zama asusun ajiya da rumfar ciniki, tsohuwar manhaja mai kafofi haɗari ce ga dukiya.

Kwamfuta ma ta shiga irin wannan hali. Windows 10 ta fito a 2015, Microsoft ya rufe kula da ita ranar 14 ga Oktoba 2025, sai dai ƙarin wa'adi na ɗan lokaci ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma tana da sharaɗi: sai kwamfuta na da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da masarrafa wadda a ɓangaren Intel ba ta gaza zubi na takwas ba, wato na wajajen 2017 zuwa sama. Hujjar kamfanin ita ce tsaro, kuma hujja ce mai nauyi. Sakamakon dai shi ne ɗimbin kwamfutoci masu rai sun zama marasa gata. Ofisoshin Turai da Amurka za su sauke su, da yawa kuma za su bi hanyar da kwamfutocin gwanjo suka saba bi, su sauka a hannun ɗalibai da shagunan buga takardu na Afirka, inda sau da yawa ake ɗora musu kwafin Windows marar lasisi wanda ba a san abin da aka cusa a cikinsa ba.

Ga irin waɗannan kwamfutoci Linux mafita ce ta gaske. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar a 2004, da Linux Mint, suna tafiya sumul a kan tsohuwar na'ura, ana sabunta su kyauta, suna zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan wannan hanya, don kada bayanan jama'arta su dogara da kamfani ɗaya na waje. Sai dai masu tallata Linux kan ɓoye wahalarta. CorelDraw da Photoshop, waɗanda masu zanen kati da allon talla ke ci da su, ba a yi su dominta ba. Wasu na'urorin buga takarda kan yi gardama, kuma wanda ya maƙale ba lallai ya samu mai gyaran da ya san ta a unguwarsu ba. Ga ɗalibi mai rubutu da bincike ta wadatar, ga mai shagon zane kuwa lissafin daban ne.

Gyara mafi tasiri ya zo ne ta hanyar doka. Daga 20 ga Yuni 2025, wayar da za a sayar a Tarayyar Turai dole a samar mata da sabuntawar babbar manhaja na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin, a ajiye kayan gyaranta na shekara bakwai, batirinta kuma ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Dokar ta tsaya a kan iyakar Turai. Samfuran da aka ƙera musamman don kasuwar Afirka ba ta hau kansu ba, kuma hukumomin kare masu saye na wannan yanki suna da hurumin neman makamancin haka, ko da a matakin tilasta wa kamfani ya rubuta a jikin kwali shekara nawa zai kula da wayar.

Kafin nan, akwai abin da ke hannun mai saye. A cikin saitin kowace wayar Android, a sashen bayanin waya, an rubuta lambar Android da ke kanta da kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe da ta karɓa. Idan waya sabuwa ce a kwali amma kwanan watan ya haura shekara, ta daɗe a ajiye ko kuma kamfaninta ya riga ya juya mata baya. Mai sayen iPhone ta hannu zai iya duba ko samfurin na cikin waɗanda sabuwar iOS ke hawa, mai sayen kwamfutar gwanjo kuma ya nemi a nuna masa zubin masarrafarta da ko tana da TPM 2.0 kafin a yi ciniki.