Shin Ko Kun San? Daga Kulki Zuwa Sulke: Yadda Ake Rainon Jarumin Gem

Jama'a, ku matso kusa! Yau muna cikin duniyar gem, irin wanda ake miƙa maka jarumi ɗanye shar, ba ƙarfi ba makamin kirki, a ce kai za ka raine shi har ya iya tunkarar bos, wato babban dodon wasan. Matasan Gayam da na cikin garin Birnin Gwari masu latsa waya a bakin shagon caji, wannan taku ce. Iyaye ma kada ku tashi, akwai rabonku a gaba.

Shin ko kun san cewa a kan tebur aka fara wannan hawa mataki-mataki, tun kwamfuta ba ta shiga gidaje ba? A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons. Kayan wasan? Takarda, fensir, da ɗan ludo mai fuska har 20! Ka kashe dodo, a rubuta maka maki. Maki ya taru, ka hau mataki. Kwafi 1,000 kacal aka fara bugawa. Yau miliyoyin mutane ke bin wannan tsari a waya.

Shekara goma bayan haka Japanawa suka sa wa abin wuta. A 1984 kaɗai aka fitar da Dragon Slayer, da Hydlide, da The Tower of Druaga. Ba sauran jiran layi: ka danna, jarumi ya kai sara nan take. Shi Druaga hasumiya ce mai hawa 60, kusan kowane hawa da taskarsa a ɓoye. Sittin fa!

To, kun san gem ɗin Diablo saura ƙiris ya zama wasan "yi naka in yi nawa"? Haka David Brevik ya tsara shi da farko. Abokan aikinsa suka matsa a sauya, aka mayar da shi faɗan nan take. Kurkuku ne mai hawa 16 a ƙarƙashin garin Tristram, ana gangarawa ƙasa. Jarumai uku: mai takobi, 'yar baka, da matsafi. Abin mamakin, duk lokacin da ka fara sabon wasa, hanyoyin kurkukun sun canja. Haddar hanya ba ta da amfani!

Yanzu ku riƙe numfashi, ga lissafi. A Diablo II na shekarar 2000, maki 500 ne ke kai ka mataki na 2. Cikin 'yan mintuna ka samu. Amma mataki na 99, wanda shi ne ƙarshe? Maki sama da biliyan 3 da rabi! Kun ji tazara? Tsakanin 98 da 99 kaɗai akwai maki kusan miliyan 300. Mutane kan kwashe watanni a kan wannan taki guda.

Kowane mataki a wasan nan yana zuwa da tukuici: maki 5 na jiki, maki 1 na fasaha. Kai za ka raba su: ƙarfi, zafin nama, yawan jini, ko ƙarfin tsafi. Ga inda gizo ke saƙa. Shekara goma cur, in ka zuba maki a inda bai dace ba, ya zauna ke nan. Sai a 2010 aka kawo damar warware rabon. Kafin nan, wanda ya ɓata jaruminsa sai dai ya koma farko!

Akwai ma wanda ya fi wannan zafi. A cikin Diablo II akwai salon da in jaruminka ya mutu sau ɗaya, ya tafi har abada, da shi da kayansa. Ko yana mataki na 95! Kuma akwai masu zaɓen wannan salon da gangan, don sun ce a nan ne zuciya ke bugawa.

Shin ko kun san akwai gem ɗin da taswirar fasaharsa ke da ɗigo sama da 1,300? Path of Exile ke nan, na ƙasar Niyu Zilan, wanda ya fito a 2013, kuma kyauta ake buga shi. Amma makin da za ka samu a duk rayuwar jaruminka bai fi 120 da 'yan kai ba. Ɗaya bisa goma ma bai kai ba! Dole ka zaɓi hanya guda ka bi ta. Wanda ya ce zai taɓa nan ya taɓa can, zai tashi da jarumin da ba ya sara, ba ya harbi, ba ya jure duka.

Mu leƙo gida. Kun san wannan tsari na farawa daga ƙasa shi ne dai tsarin maharbanmu tun kaka da kakanni? Yaro kan fara da danƙo da tarko, yana bin kurciya da gafiya. Sai ya koma riƙe wa ubangidansa jaka da karnuka. Sai zomo, sai gada. Kafin a damƙa masa kwari da baka na sosai, an ga hankalinsa, an ga haƙurinsa. Mai neman zama Sarkin Baka ko Sarkin Dawa ba ya tsallake ko taki ɗaya. Da rarrafe yaro kan tashi!

Dajin ma ga shi a ƙofarmu. Gandun Kamuku, a nan ƙasar Birnin Gwari, ya kai murabba'in kilomita kusan 1,120. Tun 1936 aka keɓe shi, a 1999 ya zama gandun daji na ƙasa. An lissafa tsuntsaye sama da iri 170 a cikinsa, ga gwanki, ga gadu, ga gwaggon biri. Farauta haramun ce a cikin gandun bisa doka, a kiyaye. Allah Ya dawo mana da cikakken zaman lafiya a dajin nan.

Sai batun kaya. Kun san launi kaɗai kan gaya wa ɗan gem darajar abin da ya faɗo daga jikin dodo? A Diablo II, fari na kowa ne. Shuɗi yana da ɗan sihiri. Rawaya ba a cika samu ba. Kore 'yan gida ɗaya ne, sai ka haɗa su duka ƙarfinsu ke cika. Ruwan zinare kuwa, nan ne ake tsalle! Gem barkatai sun kwaikwayi wannan dabara ta launi daga baya.

Wani zobe a wasan, Stone of Jordan, ya yi tsadar da 'yan wasa suka mayar da shi kuɗi. Ana cewa sulke kaza zobe goma ne, takobi kaza zobe ashirin. Zinaren cikin wasan ya zama ba mai kallonsa! A Borderlands na 2009 kuwa, kwamfuta ce ke harhaɗa makamai da kanta, har nau'i sama da miliyan 17. Ko kana gwada ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ka haura wata shida!

Amma ku tsaya, kada ƙyalli ya ruɗe ku. Shin ko kun san nauyin kaya kan kashe jarumi? A Elden Ring na 2022, kowane kwalkwali da garkuwa da nauyinsa. In kayanka ba su kai kashi 30 cikin 100 na abin da kake iya ɗauka ba, kana wulƙawa ka kauce wa sara cikin sauƙi. Ƙasa da kashi 70, lafiya lau. Ka haura 70, sai ka riƙa faɗuwa tim, kafin ka miƙe an gama da kai. Ka wuce 100, ko mirginawa ba ka iyawa!

Kakanninmu sun san wannan lissafi sarai. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke fagen yaƙi. Shekara 600 da ɗoriya ke nan! Ku dubi sulke da kyau in kun je hawan salla a Zazzau, Kano ko Katsina. Dubban ƙananan zobban ƙarfe ne, kowane ɗaya a sarƙe cikin guda huɗu. Ka ɗaga shi ya zubo a hannunka yana ƙara, ka sa shi kafaɗa ta gaya maka. Da yawa daga cikin tsofaffin sulkuna ta Sahara suka zo, daga Masar.

Lifidi kuwa tufa ce mai kauri, an cusa mata auduga an ɗinke layi-layi. Mahayi ya sa, doki ma a lulluɓe shi har ƙasa da gwiwa. Kibiya ta zo ta maƙale a ciki! Sai dai kowane kaya da lagonsa. Ɗan lifidi sai an taimaka masa yake hawa, in ya faɗo tashi aiki ne. Ga zafi. Ga tsoron wuta, don auduga ba ta wasa da ita. A Path of Exile ma haka abin yake: komai kaurin sulkenka, in kariyarka daga wuta, sanyi da tsawa ba ta kai kashi 75 ba, ƙwararru za su ce ba ka shirya ba.

Kuna son hujja daga fagen fama? A watan Yuni na 1804, a Tabkin Kwatto, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawakai da 'yan lifidi. Jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yawancinsu a ƙasa suke, dawakansu 'yan kaɗan. Abin da suke da shi 'yan baka ne. Aka gwabza, rundunar Gobir ta watse. Masu kaya marasa nauyi suka rinjayi masu kaya masu tsada!

Kun san kibiyar maharbi ƙarfinta ba a tsini kaɗai yake ba? A gem akwai makamin da in ya taɓa bos, jininsa zai ci gaba da raguwa ko ka ja da baya. Maharbanmu suna da nasu: dafin kwankwani. Ga abin al'ajabi: a ƙarni na 19 likitocin Turai suka fitar da maganin ciwon zuciya daga dangin wannan tsiro. Abin da ke tsayar da zuciya, shi ke taimaka mata in an auna!

Ga kayan da ya fi kowanne ban mamaki: burtu. Maharbi kan sassaƙa kan tsuntsun, dogon wuya da ƙaton baki, ya ɗaura a goshi. Ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa. Sai ya riƙa tafiya yana sunkuyar da kai, yana caccakar ƙasa, yana ɗagowa ya waiga, daidai yadda burtu ke kiwo. Gada na kallo ba ta gudu, har ya iso inda kibiya za ta kai. Kayan da ba ya tare ko ƙaya, amma ya fi garkuwa amfani a wannan aiki! Shi kansa tsuntsun yana cikin waɗanda ake gani a Kamuku.

Duniyar gem ma tana da nata mai abin kai. A Elden Ring akwai wata bos, Malenia, da ta sa manyan 'yan wasa kuka. Sai ga wani da ake kira Let Me Solo Her. Ba riga, ba sulke. Tulu ya kifa a kai, takobi biyu a hannu! Yana shiga wasan mutane ya kashe musu ita shi kaɗai. A watan Mayun 2022 ya cika kisa 1,000. Kamfanin Bandai Namco ya aika masa takobin gaske kyauta!

Kuma kun san a wasan nan akwai jarumin da ke farawa a mataki na 1, daga shi sai ɗan kamfai da kulki? Ƙarshen hawa kuwa mataki na 713 ne, inda duk siffofi takwas suka kai 99. Ga sirrin da ƙwararru ke ba sabon shiga: fara zuba maki a jini har ya kai 40. Sannan riƙe makami ɗaya, ka riƙa kai shi wurin maƙeri. Ana iya ƙara masa kaifi har sau 25. Tsohon takobin da ya sha maƙera ya fi sabon da aka tsinta jiya!

A kula da aljihu kuma. Diablo III ya fito a 2012 da kasuwar sayen kaya da kuɗin gaske. Me ya faru? Mutane suka bar farautar dodanni, suka koma zaman kasuwa, daɗin wasan ya gudu. A watan Maris na 2014 kamfanin Blizzard da kansa ya rufe kasuwar. A Genshin Impact na waya kuwa, damar samun babban jarumi a jan ƙuri'a ɗaya kashi 0.6 ne cikin 100. Tabbas ɗin sai a ja na 90! Kafin ka taɓa kuɗin data ko na makaranta, yi wannan lissafin.

Na ƙarshe, kuma wanda ya fi faranta rai. Shin ko kun san maƙwabtanmu na Kamaru sun ƙera irin wannan gem da hannunsu? Sunansa Aurion: Legacy of the Kori-Odan. Kamfanin Kiro'o Games na Yawunde, ƙarƙashin Olivier Madiba, ya fitar da shi a watan Afrilun 2016, duk da ɗaukewar wutar lantarki da ta riƙa tsayar musu da aiki. Jarumin, Enzo, yarima ne da ɗan'uwan matarsa ya ƙwace wa gadon mulki ranar aurensa. Matarsa Erine na gefensa a kowane faɗa, ƙarfinsa kuma daga kakanninsa yake fitowa.

To, ku lissafa abin da ke hannunmu: ɗan baka, ɗan lifidi, ɗan tauri, maharbi mai burtu, maƙerin da ke gyara takobi, da daji mai faɗin murabba'in kilomita dubu da ɗoriya. Jarumai huɗu da kayansu, a shirye! Yaron da zai zuba su a gem yana iya kasancewa a Gayam yanzu haka, waya a hannu. Ku karanta masa wannan shafi, ku kuma tura wa na gaba!