Yadda Bakteriya Ke Sanin Kaya Sun Isa

Bakteriyar E. coli da ke zaune a hanjin ɗan Adam tana iya ƙera wa kanta duk amino asid 20 da ake harhaɗa furotin da su. Mafi cin ƙarfi a cikinsu shi ne tiriftofan, shi ya sa in ta same shi a abincin da muka ci, sai ta dakatar da nata. To, halittar da ko ƙwaƙwalwa ba ta da ita, ina ta san ya isa?

Charles Yanofsky na Jami'ar Stanford a Amurka ya gano wata dabararta a shekarun 1970. Ƙwayoyin gado biyar ne a jere ke ɗauke da umarnin ƙera tiriftofan. Kafin a isa gare su akwai ɗan gajeren saƙon gwaji mai amino asid 14, an dasa gurbin tiriftofan biyu kafaɗa da kafaɗa a ciki. Wani enzayim mai suna sintetes shi ke ɗora tiriftofan a kan tRNA, ɗan dakon da ke kai shi ga ribosom, inda ake haɗa furotin. In kaya sun wadata, ribosom ta wuce gurbin nan biyu ba tsayawa, sai zaren RNA da ake kwafar umarnin a kansa ya nannaɗe ya datse sauran umarnin. In kuwa sintetes ya rasa abin ɗorawa, ɗan dako ya iso hannu rabbana, ribosom ta cije a wurin. Wannan jinkirin ne ke sa zaren ya naɗe ta wata fuska, a karanta ƙwayoyin gado biyar ɗin kaf.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne inda aka kafa ma'aunin: daidai bakin aiki, wurin da ƙaranci zai fara cizo. Na amino asid ɗin histidin ma har ya zarce, gurbi bakwai aka jera masa.

Masana'antu kuwa tsimin nan bai yi musu ba. Tun tsakiyar shekarun 1950 aka gano wata bakteriya mai suna Corynebacterium glutamicum a Japan, wadda ake samun sinadarin farin magi daga gare ta. Ita ɗin dai aka zaɓo wa ire-iren da ba sa jin umarnin tsayawa, suna ta zubo amino asid ɗin laisin da ake cuɗawa cikin abincin kajin gidan gona.