Yadda Ake Auna Kitsen Hanta Ba Tare Da Tsaga Ciki Ba

A Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, mutane da yawa na ɗaukar ƙiba alamar hutu, har wasu 'yan mata kan sha ƙwayoyin "sha ka fashe" don su yi jiki. Sai dai kitse ba a ƙarƙashin fata kaɗai yake taruwa ba, yana shiga hanta. Idan ya wuce kashi 5 cikin 100 na nauyinta, an kamu da cutar kitsen hanta. Ba ta ciwo da farko, amma tana iya shekaru tana ɓarna a ɓoye har hantar ta taurare.

To, yaya likita zai gano? Tsohuwar hanya ita ce a soka allura tsakanin haƙarƙari a ciro ɗan yankin hanta a duba. Akwai zafi, kuma jini na iya ɓallewa. Shi ya sa masana suka nemo wasu dabaru.

Ta farko ita ce sikanin ciki, irin wanda ake yi wa masu juna biyu. Ku tuna darasin Fiziks kan amsa-kuwwa: na'urar na tura sauti cikin jiki, ya dawo ya zama hoto. Hanta mai kitse takan fito da haske. Amma a jikin mai tsananin ƙiba, sautin kan raunana kafin ya isa hanta.

Ta biyu ita ce FibroScan, da kamfanin Echosens na Faransa ya fitar a 2003. Tana auna taurin hanta da yawan kitsenta cikin mintuna, kuma tana da kai na musamman mai suna XL domin masu ƙiba.

Ta uku ita ce MRI, mai aiki da maganaɗisu. Ta fi sauran daidaito, amma da tsada, sai manyan asibitoci.

Ku ma akwai awon da za ku yi a gida da tef ɗin tela: kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Idan na wani a gidanku ya zarce, ku ba shi shawarar zuwa babban asibitin gari, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau.

Abin farin ciki, rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki kan narkar da kitsen sosai. Ku rage lemon kwalba, ku motsa jiki, ku guji maganin ƙiba. Rigakafi ya fi magani.