Teburin Haske: Na'urar da Ba a Taɓa Yi wa Tafi Ba

Daga gadar Dangi zuwa ofisoshin 'yan fim da ke Zoo Road a Kano, da wuya ka rasa mai ba ka tarihin Kannywood. Za a ce maka ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta buɗe fage da Turmin Danya a 1990, a jero maka jarumai da mawaƙa har ka gaji. Amma tambayi wane ne yake riƙe da haske a ɗakin ɗaukar shirye-shiryen CTV, gidan talabijin ɗin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a farkon shekarun 1980 wanda yau ake kira ARTV, sai ka ji shiru. Ina na'urar da ya yi aiki da ita take? Wannan ma ba a magana.

Na'urar da nake nufi tebur ce mai jerin maɓallai da ake turawa sama a jawo ƙasa. Daga kanta mutum ɗaya ke juya fitilun dandamali duka: ya kawo asuba, ya mayar da ita almuru, ya duhunta kowa ya bar fuska ɗaya. Kafin a kai ga haka an sha wuya. A farkon shigar lantarki gidajen wasan Turai, tulunan ruwan gishiri ake tsoma ƙarfe a ciki don rage ƙarfin lantarki, daga baya aka koma manyan hannuwan ƙarfe da ƙarti ke ja a bayan fage, ba sa ma ganin wasan da suke haskawa. Kamfanin Strand Electric da aka kafa a Landan a 1914 shi ya sauya wannan. A 1935 ma'aikacinsa Fred Bentham ya fito da Light Console, wanda ya gina a kan tsarin kayan kiɗan ogan, domin mai haske ya zauna inda yake kallon dandamali ya sarrafa fitilu da yatsu da ƙafa. Tun daga ranar aikin ya tashi daga na ƙarfi ya zama na ido.

Sauran ci gaban ya zo da sauri. Ƙaramin makunnin lantarki da ake kira tairisto ya shigo a ƙarshen shekarun 1950 ya kori manyan injinan rage haske. A tsakiyar shekarun 1970 tebura masu ƙwaƙwalwa suka kama manyan gidajen wasa: wasan A Chorus Line a New York a 1975, sai Lightboard na Strand a babban gidan wasan ƙasa na Landan a 1976. A shekarar ce kuma aka kammala namu gidan wasan ƙasa na Iganmu a Legas domin bikin al'adu na FESTAC 77.

Arewa ba ta kasance 'yar kallo ba a wannan zamani. Kaduna na da talabijin tun 1962. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Steven Ehrlich ya zana gidan wasan nan na ginin ƙasa a salon gidan Bahaushe a tsakiyar shekarun 1970. Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad da ya yi suna a aikin haske da tsara dandamali a Ibadan, shi ne ya haɗu da Umaru Ladan suka mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan kwaikwayo. Wato har a cikin adabinmu akwai hannun mai haske, ba mu dai lura ba.

Abin da ya fi jefa tsofaffin tebura cikin sito ya faru a 1986, lokacin da ƙungiyar masu fasahar dandamali ta Amurka ta fitar da ƙa'idar DMX512. Kafin nan kowane kamfani da yarensa. Wasu na aika umarni ta waya ɗaya ga kowace fitila da ƙarfin da bai wuce bolt 10 ba, Strand kuwa nasa ma a juye yake, ƙasa da sifili. Sabuwar ƙa'idar ta ɗora tashoshi 512 a kan kebul guda, kowace tasha da matakan haske 256. Duk teburin da bai iya wannan yare ba ya zama kurma a tsakiyar sababbin fitilu. Sannan fitilun LED suka zo, waɗanda ba sa neman akwatin rage haske, ba sa shan wat 1,000 kamar tsofaffin ƙwayaye. A garin da kowane ɗakin biki ke dogara da janareta, ba wanda zai ga laifin mai hayar kaya don ya zaɓe su.

Sai dai yawancin tsofaffin na'urorin nan ba mutuwa suka yi ba, rashin kulawa ce ta kwantar da su, kuma cututtukansu sanannu ne. Mafi muni shi ne ƙaramin batirin da ke riƙe ƙwaƙwalwa. Idan aka ajiye tebur shekaru ba a kunna ba, sai ya zubo da ruwansa ya cinye layukan tagullar da ke kan allon. Don haka duk wanda ya samu tsohon tebur, kafin ya jona shi da wuta, ya buɗe ya cire batirin tukuna. Kapasito, wato ƙananan ma'adanan lantarki da ke kan allon, kan bushe, zafin Afrilu a Kano kuwa yana gaggauta hakan, amma canza su aiki ne mai arha. Ƙurar hunturu tana shiga ramin maɓallai har haske ya riƙa tsalle, maganinta shara da man goge maɓalli, ban da fetur da wasu ke zubawa. Teburan shekarun 1990 da ke ajiye aiki a faifan fulofi, wanda Sony ta daina yi a 2011, ana iya sa musu na'urar da ke karɓar filasha a madadinsa. Akwai kuma ƙananan akwatuna masu fassara tsakanin DMX da tsohon tsari. Abu ɗaya da ke rikita masu gyara shi ne rawar haske a kan janareta: tairisto yana ƙirga bugun wutar ne, sau 50 a daƙiƙa, in injin ya yi tangal-tangal sai fitila ta bi shi, a ɗora wa tebur laifin da ba nasa ba.

Hannun da zai yi duk wannan yana nan Tarauni. Matasan kasuwar waya ta Farm Centre da ke can suna liƙa abubuwan da ido ke gani da ƙyar, allon shekarun 1980 kuwa mai faɗin layi ne, a wurinsu wasa ne. Abin da ba su da shi shi ne taswirar na'urar da kuma dattijon da ya san yadda ta saba aiki. Taswirorin ana iya samunsu, domin masu adana tarihin Strand a Ingila sun tara littattafan kamfanin da yawa. Dattawan ne ba su da madadi, kuma tsoffin injiniyoyin talabijin da suka yi ritaya kullum raguwa suke. Takardun jerin haske da suka rubuta da fensir, fitila kaza ta tashi a layi kaza, su ne kaɗai shaidar yadda wasannin da suka wuce suka bayyana a ido.

Ni ban goyi bayan a kulle irin wannan kaya a bayan gilashi ba. Na'urar lantarki da ba a kunnawa lalacewa take yi. Gara a gyara guda ɗaya a kai ta sashen nazarin wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero, ɗalibi ya koyi haɗa haske da hannunsa kafin a ba shi kwamfuta. Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa kuma ta naɗi muryoyin tsofaffin ma'aikatan. Matakin farko ba ya cin kuɗi: gidajen talabijin da makarantu su buɗe sito su rubuta abin da ke ciki, sunan kamfani da lambar kowace na'ura, kafin a yi gwanjonsu ga 'yan gwangwan, waɗanda nauyin tagullar ciki kawai suke aunawa.