Abin da Ke Sa Wi-Fi Ya Ɓace Bayan An Ɗora Linux a Laftof

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma da yawa daga tsofaffin laftof da ake sayarwa a Beirut Road ba sa ɗaukar Windows 11. Shi ya sa ɗalibi a Yakasai ko Ƙofar Mata zai ɗora Ubuntu, ya kunna hotsifot a wayarsa, amma laftof ta kasa ganinsa. Sau da yawa katin Wi-Fi ɗin lafiyarsa ƙalau, direba ne babu.

Direba ƙaramar manhaja ce da ke yin tafinta tsakanin kwamfuta da cip ɗin da ke cikin katin. Idan kamfani ya buɗe lambobin direbansa, ana shigar da shi cikin Linux, kowa na iya gyara shi, kuma yana aiki daga kunnawa. Haka Atheros ya yi da ath9k a 2008, Intel ma yana da iwlwifi. Broadcom bai saki buɗaɗɗen direba ba sai 2010, kuma har yau wasu tsofaffin katunansa sai an sauko musu da rufaffen direba daga intanet, alhali intanet ɗin ake nema.

Mafita tana aljihu. A haɗa wayar Android da laftof da kebul, a kunna USB tethering. Daga nan a buɗe Additional Drivers a Ubuntu, a zaɓi direban da ya nuna.

Mai shirin sayen ɗan makalen Wi-Fi na USB kuma ya kula, sunan da ke jikin kwali ba ya wadatarwa. TP-Link TL-WN722N na farko cip ɗin Atheros AR9271 ne a cikinsa, wanda ke aiki salin-alin. Na biyu da na uku Realtek ne, ga shi suna ɗaya.

Don haka kafin a biya kuɗi, a je shago da Ubuntu a filas, a tayar da laftof daga kansa ba tare da ɗorawa ba. Umarnin lspci a Terminal zai nuna katin ciki, lsusb kuma na makalawa. Idan ta ga hotsifot a nan, za ta gan shi a gida.